Nauyin Inna a Bayan Babur

Duk layin masu kayan gini ba wanda bai san Yaya Babba ba. Sunan daga gida ya biyo shi, don shi ne ɗan fari, har waɗanda suka girme shi ma haka suke kiransa. Sana'arsa dakon kaya a babur: siminti, rodi, bokitan fenti, kwanon rufi a nannaɗe. Kayan da wani zai ce sai an kira mota, shi sai ya ɗaure a kariyar bayan babur da igiyar roba ya kama hanya. Don haka tun ranar da ya sayi babur ɗin ya sa aka murɗa zoben shokozobar baya, mai shanye jijjigar hanya, zuwa matakin ƙarshe, sifirin ya matse tamau. Da wannan yake cika baki, wai babur ɗinsa bai taɓa durƙusa wa kaya ba.

Mutum ne mai haƙuri da kowa, in ka cire ƙanensa Auta. Auta tela ne, babur ɗinsa ɗan ƙarami, daga gida sai shago. Da ciwon baya ya kama mahaifiyarsu, likita ya ce a riƙa kai ta gashin ƙashi duk mako, Yaya Babba ne ya fara kai ta. Ba a jima ba Inna ta ce, "Ka bar wa Auta kawai, kai aiki ya yi maka yawa."

Ranar asibiti in ta zo, sai ya sami dalilin tsayawa a ƙofar gida yana goge madubi, yana kallon yadda Inna take dafa kafaɗar Auta tana dariya. Kishi yake ji, ba wani abu ba, kuma tsohon kishi ne, tun na lokacin da ake goya Auta shi ana aikensa ɗebo ruwa. Matarsa takan leƙo ta ce, "Maigida, madubin nan in ka ci gaba da gogarsa huda shi za ka yi."

Sai ya yi shawara da zuciyarsa, ya yanke cewa tsoron tangaɗi ne ya kori Inna. Ya wanke babur tas, ya ɗura wa tayar baya iska har ta yi tauri kamar dutse, ya lallaɓa Inna ta sake hawa. A hanya kuwa, duk ramin da suka faɗa yana jin yatsunta na nutsewa a haƙarƙarinsa. Ranar a kwance ta wuni, kuma Auta aka kira ya shafa mata magani.

Washegari ya kai babur wurin bakanike a ɗaure masa sarƙa, ya kasa riƙe bakinsa ya zayyana komai. Bakaniken ya danna kujerar baya da hannu biyu, ko gezau ba ta yi ba.

"Yaya Babba, a kan wannan ka ɗora tsohuwa? Ai gara ka ɗora ta a benci ka ja da igiya."

"To ba ƙarfi ake so ba?"

"Ga siminti, e. Amma babur in an hau shi dole ya ɗan zauna, kamar kashi ɗaya cikin uku na tafiyar shokozoba. In bai zauna ba, taya ba ta da sauran inda za ta miƙa in ta faɗa rami, sai duk bayan babur ya faɗa da ita. A ɗaga baya a auna daga notin taya zuwa kariya, a hau a sake aunawa, a yi ta sassauta zobe har ya yi daidai. Kuma mai hawan ake kawowa. Ƙanenka ai da kansa ya kawo ta nan, muka zaunar da ita muka gwada."

Yaya Babba ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ashe har nan Auta ya riga shi. Bakaniken ya ce ya kawo Inna a gyara masa, Yaya Babba ya ƙi, ya ari sifana mai ƙugiya ya ce shi ma yana da hannu.

A tsakar gida ya kafa aiki. Ya zana alama da alli a gefen kariya, ya ba matarsa igiya ta auna. Da farko buhun siminti ya ɗora a madadin Inna, don a lissafinsa ba za ta gaza haka ba. Zoben ya yi tsatsa, sifana ta kuɓuce ta ɓare masa gaɓar yatsa, ya tsotse jinin ya ci gaba. Da ya ga kamar ya yi, sai ya shiga ɗaki ya roƙi Inna ta zo ta zauna kawai, ba inda za a je.

Ya sunkuya ya ɗauke ta da irin ƙarfin da ya saba ɗaga buhu, sai ya kusa faɗuwa ta baya. Ko kusa ba ta kai buhun ba. Shi da yake gane nauyin kaya da ido, bai san yaushe uwarsa ta rame haka ba, kuma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne Auta ya sani. Ya hau gabanta, matarsa ta auna ta girgiza kai. Ya sauka ya sassauta, ya sake hawa, ya sake sauka, har sai da zoben ya dawo matakin farko.

Ranar asibiti ya riga Auta fitowa. Inna ta dubi babur ɗin kamar mai duban allurar likita, ta yi bisimilla ta hau. Ramin farko ya wuce a ƙarƙashinsu lumui, na biyu ma haka. Hannunta ya saki rigarsa ya koma kan kafaɗarsa, ya kwanta a sake. Daɗi ya cika shi, ya rage gudu don kada hanyar ta ƙare da wuri.

"Kai, yau kam sai ka ce a katifa," in ji Inna. "Allah ya yi wa Auta albarka. Shi ya gyara maka, ko?"

Yaya Babba ya dubi yatsansa da ke naɗe da tsumma a kan birki. Maganar ta zo masa har leɓe, sai ya tambayi wani abu daban.

"Inna, mako mai zuwa wa zai kai ki?"

"Kai mana, tunda yaron ya gyara maka."

Wani rami ya taso a gabansu, Yaya Babba ya kauce masa a hankali, ya ce, "To, Inna."