Ayuba Sallau Maradun, Ɗan Tseren Keken da Bai Samu Hutu Ba

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayi Ayuba a tsohon garin Maradun a shekarar 1953. Mahaifinsa shi ne Malam Sallau, manomin fadama, mahaifiyarsa kuwa Turai ce, mutuniyar Faru. Bayan karatun allo, an sa shi makarantar firamare a 1961.

Aiki da Tseren Keke

A 1975, lokacin gina madatsar ruwa ta Bakolori, ya samu aikin masinja, yana kai saƙonni a keke zuwa Talata Mafara. A wannan hanya Malam Jibrin, tsohon soja mai horar da 'yan tseren keke, ya ga saurinsa, ya shigar da shi ƙungiyarsa. Ƙa'idar Malam Jibrin ita ce duk ranar da aka yi atisaye mai tsanani zuwa Bakura, washegari sai ya kulle kekunan tsere a ɗakinsa domin jiki ya murmure. Ayuba ya kiyaye wannan ƙa'ida, ya zo na ɗaya a gasar yankin a 1977.

Aure

A ƙarshen wannan shekara ya auri Taibatu, 'yar Birnin Tudu.

Ƙaura da Rashin Lafiya

A 1978 ruwan madatsar ya doshi gidansu da gonarsu, aka tashe su zuwa sabon matsuguni. Kasancewar shi kaɗai ne namiji a wurin mahaifinsa, sai ranakun hutunsa suka koma na kwaɓa ƙasa da ɗaukar azara don ginin sabon gida, da jigilar hatsi a keken aikinsa. Da damina zazzaɓi ya kwantar da Ayuba, kuma bai gama warwarewa ba gasar jiha ta zo a Sakkwato.

Malam Jibrin ya ce masa, "Ayuba, ƙafafunka na rawa. Ka haƙura sai baɗi."

Ya amsa, "Malam, tun da ruwa ya ci gonar tsohona bai nemi zuwa ko'ina ba, sai yanzu da ya ce zai zo ya ga tserena."

Ya shiga gasar, ya faɗi a tsakiyar hanya. Malam Sallau ya daɗe tsaye a wurin ƙare tseren kafin a zo a sanar da shi. Likita ya tabbatar cewa zuciyar Ayuba ta taɓu, ya hana shi hawan keke har abada.

Shekarun Ƙarshe

Daga 1979 ya bar aiki, ya koma Talata Mafara yana taimakon Malam Jibrin, wanda ya damƙa masa mabuɗin ɗakin kekuna. An shaida cewa bai taɓa buɗe shi a ranar hutu ba, komai roƙon 'yan tsere.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa da bazarar 1983, yana da shekara talatin. An yi jana'izarsa a sabon garin Maradun, mahaifinsa yana sahun gaba. Ya bar matarsa Taibatu da 'ya'ya uku: Kubura, da Ɗanlami, da Nagode, wadda aka haifa da kakar wannan shekara, bayan rasuwarsa.