Bangon da kunama ba ta ɓuya a kansa

Wata ranar Laraba ce gab da babbar Salla, shekarar da aka fara aike na kai wa Baba fura gona. Na dawo gidanmu na Fakku na iske Goggo Hajo, yayar babanmu, tsugune a ɗakin Inna, ga ƙoruka jere a gabanta, kowace da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ɗaya daga kududdufin bayan makaranta aka ɗebo ta, ɗaya daga bakin fadama, ɗayar kuwa farar ƙasa ce ta kasuwar Kebbe da aka sirka da 'yar ja kaɗan. Ni dai a idona duk ɗaya suke, kamar kunun da aka zuba wa nono. Sai na aje ƙwaryar furar na zauna kallo, don ban gane abin da ake zaɓe ba.

Ashe bangon ɗakin za a yi wa sabon shafe, dalilin kuwa ba Salla ba ce. A makon nan kunama ta harbi ƙanena Sani da rana tsaka, yana rarrafe a gindin bango. Inna na kusa da shi tana tankaɗe, amma ba ta gan ta ba, don launinta da na bangon ɗaya ne.

Goggo ta lakato kowace ƙasa ta shafa faɗin tafin hannu a bango, ta ce kar kowa ya yi magana sai sun bushe, don ɗanyen shafe duhu gare shi. Ni da yara muka yi wasan ɓoyo a bayan rumbu, na ba awaki dussa, na yi ta leƙowa. Da la'asar ta buɗe kwalin ashana, ashe matacciyar kunamar ta adana. Ta soke ta da tsinken tsintsiya ta kara a bango, ta ce, "Koma bakin ƙofa, ke mai sabon ido. Mi kika gani?" A kan ta kududdufi ban ga komai ba, sai tsinken. A kan ta fadama sai da na ƙanƙance ido. A kan ta ukun kuwa ta fito sarai, har ƙarinta. Inna ta so ta kududdufi, wai ba ta nuna datti. Goggo ta ce, "Ni ba datti nika tsoro ba."

Yanzu ina aure a Tambuwal, 'yata Amira ta fara rarrafe, ga bayan gidanmu duk tarin bulo da ciyawa. Maigidan ya kawo katin fenti, launuka tsakanin ruwan madara da ruwan ƙasa, da sunayen Turanci da ban iya karantawa. Ya ce, "Maman Amira, ai duk ɗaya ne, nuna guda kawai." Na kasa. Na roƙi mai fenti ya shafa mini kaɗan kaɗan, suka bushe. Ba ni da kunama, sai na soke ɓawon gyaɗa da tsinke na sa maigidan ya kara a bango, na koma bakin ƙofa. Dariya yake yi har na faɗa masa dalili, sai ya gyara riƙon tsinken.

Mun ɗauki mai hasken, kuma lallai yana nuna datti. Goggo ta rasu, kududdufin ma an cike shi an yi gini. Amma duk sanda Amira ta dafa bango ta miƙe, daga bakin ƙofa nake ganin komai.