Kwana Tara Gawar Baba Tana Jiran Hatimi

Sana'ata tura motoci gida. A gwanjo nake sayensu, a gyara su a garejina da ke gabashin Greensboro, a jihar Karolina ta Amurka, in loda a kwantena zuwa Kwatano ko Legas. Shekara ashirin da ɗoriya ban taɓa ganin kayan da takarda ta hana tafiya ba, in dai ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Da wannan tunanin na yi wa wani tsoho alkawari.

Shi ke buga mini jikin mota. Mutumin Yammacin Sahara ne, ya yi tuƙin babbar mota a Agadas yana saurayi, a can ya tsinci Hausarsa mai gargada. Ina ce masa Baba, yana ce mini Alhaji Dillali, wai ko inuwata aka taya sai na sallama.

An haife shi Turawan Sifen na mulkinsu. Da suka tashi tafiya ba su miƙa ƙasar ga masu ita ba, maƙwabta suka shigo. Tun daga lokacin ya ƙi karɓar fasfon masarautar maƙwabtan da ke riƙe da garinsu, da takardar gudun hijira ya shigo Amurka. Shekarar da gwamnatin nan ta goge layin da ya raba ƙasarsu da masarautar a taswira, a kan wani ciniki da bai shafe su ba, ya ajiye guduma ya tambaye ni me ake kiran ɗan abin da mai tumatir ke ƙara wa mai saye bayan an gama ciniki. Na ce gyara.

"To mu aka ba da gyara," in ji shi. Ya ci gaba da bugun ƙofar mota.

A asibiti, da ciwo ya ci ƙarfinsa, ya riƙe hannuna ya ce a binne shi kusa da mahaifiyarsa a garinsu. Na ce an gama, yadda nake ce wa kowane mai saye.

Ranar Talata ya cika. Mu a nan ba ma barin gawa ta kwana biyu. Limaminmu ya zo da likkafani, na ce a dakata. Ya dube ni ya ce mamaci ba mota ba ne da za a ajiye a fili ana jiran jirgi. Na ce ya ba ni kwana uku.

Matar da ke gidan ajiye gawa ta buɗe jerin ƙasashe a kwamfuta, muka bi daga sama har ƙasa, ba tasu. Kamfanin jirgi ya ce sai da hatimin ofishin jakadancin ƙasar da za a sauka. Na kira Sifen, suka ce sun daɗe da cire hannunsu. Na samu 'yan ƙasarsu masu fafutuka, suna da hatimi, amma hatimin ba ya buɗe filin jirgin garinsu. Saura masarautar. Su kam da fara'a suka amsa, suka ce ai ɗansu ne, a kawo shi. Fom ɗaya kawai 'yarsa za ta sa wa hannu, cewa mahaifinta ɗan ƙasarsu ne.

Kwana na takwas na tafi Summerfield, inda 'yar ke zaune da mijinta. Nas ce, a nan aka haife ta. Na ajiye fom a kan tebur, na ce mata takarda ce kawai, mamaci ba ya karatu, ni kaina na sha rubuta wa kwastan abin da ya fi wannan. Na tuna mata cewa shi ya roƙi gefen mahaifiyarsa. Ta daɗe tana juya biro.

"Kawu, shekara nawa yana ƙin sa hannun nan? Sai da ya kasa ɗaga hannu zan sa masa?"

Na naɗe fom na mayar aljihu. Buri biyu ya mutu da su, kuma manyan duniya sun shirya abin yadda ɗaya sai ya ci ɗaya.

Washegari muka binne shi a maƙabartar Musulmi da ke bayan gari, cikin jar ƙasar Karolina mai danƙo. Mai wanka ya ce kada in buɗe fuskar. Na buɗe. Firji ya yi aikinsa, ban gane mai tsokanata ba.

A bakin kabari liman ya ce duk wanda marigayi ya saɓa wa ya yafe masa. Kowa ya ce ya yafe. Ni da na hana shi makwanci kwana tara ban kuma kai shi ko'ina ba, nawa roƙon yafiyar babu mai amsawa.