Hancin Baba Daudu

Ni na laƙaba wa Baba Daudu sunan "Shinshina", kuma har yau ina jin kunyar abin. Bai taɓa shiga aji ba. Shekara hamsin yana noman dawa a wani kwari kusa da Karare, inda ruwa ke kwanciya in damina ta yi tsakiya. Sai ka gan shi ya naɗe wando, ya tumɓuke kara ɗaya, ya kai saiwar hanci. Dattijo da gemunsa yana shinshinar laka! Mu kuwa me za mu yi in ba dariya ba.

Shekarar da na ari gona kusa da tasa, ruwa ya kwana shida a cikinta. Dawa ta koma ruwan ɗorawa, ta tsaya cik. Abincin gidana ke nan na shekara, mu tara. Na ce yunwa take ji, na sungumo buhun taki.

"Sahabi, ajiye," in ji Baba Daudu. "Ba yunwa ba ce, numfashi ta rasa."

"Haba Baba, dawar ce da huhu?"

Bai kula ni ba. Ya ciro saiwa ya shaƙa. "Tsamin kamun koko. Da ranta, lamɓo ta yi. Da warin ruɓaɓɓen ƙwai na ji, da na ce maka ta tafi. Ɗauko fartanya mu ba ruwan nan hanya."

Raina a ɓace na yi haƙan, ina gunaguni. Kafin mako ya zagayo, wallahi, sai ga fararen saiwoyi sun tsiro a gaɓar kara. Mun ci dawar nan har wata damina.

Daga baya Ramlat, ɗiyar yayana da ta karanta ilimin tsirrai a jami'a, ta ce masa yana da gaskiya. In saiwa ta rasa iska, akwai wasu ƙananan 'yan aike a cikin shuka, ana ce musu ƙananan RNA, da ke toshe wasu umarnai, sai saƙon ya zama: a rage girma, a tsimi abinci, a jira. Tsamin kuma na saiwar da ke rayuwa ba iska ne.

"Ikon Allah," in ji Baba. "Ashe har cikin dawa akwai mai cewa a yi haƙuri."

Bara wata doguwar mura ta tafi da hancinsa, ko daddawa ba ya ji. Bana ruwa ya sake kwanciya, wannan karon a gonarsa. Na iske shi tsaye cikin laka da saiwa a hannu, ya shaƙa, ya sake shaƙa.

"Sahabi," ya ce, "ara mini hancinka."

Na karɓa da hannu biyu, na shaƙa yadda na sha ganin yana yi.

"Tsamin kamu ne, Baba."

"Ka tabbata?"

"Kai ka koya mini."

"To, Shinshina," in ji shi, "ɗauko fartanya."