Hular da Na Cusa wa Auduga

A zamanin Turawa, shekarar da aka yi shelar ɗaukar 'yan doka a Kankiya, na baro Kunduru da sassafe, zuciyata cike da mafarki. Akwai wata yarinya a Rimaye, mai wushirya da sanyin murya, wadda na yi wa alkawarin zan zo zance cikin kaki da jar dara. A ganina, in ba da kaki ba, gajere irina ba zai shawo kanta ba.

Da wata gora mai tsaga ake auna mutane. Wanda kansa bai kai tsagar ba, sai ya koma gida. Na san ba zan kai ba, shi ya sa na cusa auduga cikin doguwar hulata.

Saje ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Samari, cire hular. Ba ita za mu ba aiki ba."

Audugar ta zubo, 'yan layi suka kwashe da dariya. Na duƙa na tsince ta tas, don ta gonarmu ce, na fita ban sunkuyar da kai ba.

Bayan la'asar na wuce Rimaye cikin tsohuwar rigata, na gaya mata komai, har dariyar.

Ta ce, "Kai dai da rigima kake. Da sun ɗauke ka, Katsina za su kai ka. Ni kuma wa zan shimfiɗa wa tabarma?"

Ta shiga gida ta ɗauko. Na harɗe a ƙofar gidansu kamar hakimi, duk wanda ya zo wucewa sai na gaishe shi da ƙarfi, don ya waiwayo ya ga wanda aka shimfiɗa wa.