Ƙullin da Ke Gefen Shafi

Duk wanda ya leƙa ɗakin Mama Tela da safe zai gan ta a bakin taga da Littafi Mai Tsarki a cinya. Abin da ba a lura da shi ba shi ne, ba ta duban littafin in za ta buɗe. Babban yatsanta ne ke bin gefen shafuka har ya ci karo da ƙulli.

Tun tana amarya take karatun nan, kafin ta ɗora ruwa, kafin ta yaye ƙyallen keken ɗinkin da ta ciyar da 'ya'yanta da shi bayan rasuwar mijinta. Da yanar ido ta fara rufe mata gani, ƙananan lambobin saman shafi suka ɓace mata, ba ta gaya wa kowa ba, don ta san 'ya'yanta: za su ce ta ajiye keke ta huta. Allura ta ɗauka. Inda take karantawa in zuciya ta yi nauyi, ta ɗinka zare mai ƙulli ɗaya. Wurin godiya, ƙulli biyu. Wurin da marigayi ya fi so, guntun ƙyallen rigarsa. In yatsa ya kai ta, sai ta kusantar da shafin ga haske, abin da ido ya kasa hadda ta cike.

Littafin ya yi buzu-buzu da zare, bango ya ɗaye. Autanta, direban motar haya, kunya yake ji duk Lahadi in ta zaro shi a coci. Wata rana da ta fita kasuwa ya ɗauke ya kai wa mai gyaran littattafai, ya maido shi mazauninsa da yamma bai ce komai ba.

Washegari ya tsaya a bakin ƙofa yana murmushi, yana jiran a sa masa albarka.

Mama Tela ta shafa baƙin bango mai santsi. Ta bi gefe da yatsa, ta sake bi. Sumul, kamar an aske kan jariri.

"Auta, ina littafina?"

"Ga shi a hannunki, Mama. Ya zama ango! Mai gyaran ya ce bai taɓa ganin littafi da gemu ba. Ya tsinke tarkacen nan duka, ya datse gefen."

"Tarkace."

"Zararrukan nan mana."

"Rigar ubanka ce tarkacen?"

Murmushin ya gudu. Ita kuwa jini ya hau mata kai. Ba mugunta ba ce, ta sani, kuma abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ɗan da ko madubin motarsa ka taɓa sai ya yi wuni yana mita!

"Ni na taɓa shiga motarka na gyara maka kujera? Kana da baki, ina da kunne, gida ɗaya muke kwana. Me ya hana ka tambaya? Kun ga tsohuwa, kowa gyara ta yake so ya yi, ba mai tambayarta!"

"Mama, ai lambobin suna nan, ba a taɓa ko ɗaya ba. Ki duba sama kawai."

In ta ci gaba da ɓoyewa, karatu ya ƙare daga yau. In ta faɗa, za su taso mata da maganar keke.

"Ba na ganinsu," ta ce, murya a bushe. "Na daɗe ba na gani. Kuma ka kuskura ka ce uffan a kan kekena, sai ka nemi wata uwar."

Auta ya durƙusa. "Don Allah, Mama..."

"Tashi, kukanka ba zai maido mini zare ba. Jawo kujera. Daga yau ba ka tayar da mota sai ka nemo mini wurin da na ce, ni kuma in ɗinka abina."

"Fasinjan safe fa?"

"Su ma su yi addu'a kafin ka zo."

Ta faɗa masa farkon ayar da take so. Ya yi ta juya shafuka, ya wuce, ya dawo, tana tsaki, har ya samo ya ɗora yatsanta a kai. Sai ta laluba gwangwanin ɗinki, ta ciji zare ta tsinke, ta lashi bakin zaren, ta miƙa masa allura ya zura mata.