Likitan da Ya Fara Ba Da Tsawonsa a Auna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, 18 ga Yuni, 2025, labari ya iso mana Yako cewa Allah ya yi wa Dokta Mujitaba Ghali rasuwa a Kano, bayan gajeriyar jinya.

Likita, ni ne shugaban firamaren da ka fara sauka da baburinka, shekara huɗu ke nan. Ka ce kana binciken ko cututtukan dabbobi na hana 'yan makaranta girma. Lokacin 'yata Kaltume tana shekara tara amma kamar 'yar shida, zazzaɓi yana tafiya yana dawowa, har na soma fid da rai.

Da ka fito da sandar awo, iyaye suka janye 'ya'yansu. A wurinmu gawa ake auna wa tsawo da kara kafin a haƙa kabari. Ni kaina, da bokona, sai da na ɓoye Kaltume a ofis. Ba ka yi mana dariya ba. Ka cire takalmi ka jingina da bango, ka ce wa limaminmu, "Malam, fara da ni." Ya auna ka a gaban kowa. Washegari muka gan ka garau kana cin gyaɗa, sai layi ya kai bakin titi.

Haka ka bi makarantu daga Bebeji har dajin Doguwa, kana awo kana ɗibar jini. Har yau ina mamakin yadda daga ɗigon jini ka gano bakkale, cutar da ke sa dabba ɓari, a jikin 'yata, ka bi sawunta har zuwa akuyarmu da muke ba ta madararta ɗanya. Ba ka kushe nonon kowa ba. Ruga-ruga ka zauna da mata kana nuna musu a tafasa kawai.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka Hajiya Salamatu, da 'ya'yanka, da abokan aikinka. Allah ya ba su haƙuri.

Kaltume na tsaye a kaina ina rubutun nan. Ta ce, "Baba, ka sa cewa na kai kafaɗar Inna." Na sa, Likita, ko da yake ba za ka karanta ba.